Zafin janareta da ke tafiya a banza: za a iya rarraba shi ta bututu a Gombe?

Tambaya: Wani mai masana'antar matse man gyaɗa a Gombe ya rubuto yana cewa: "Ina da janareta mai ƙarfin kVA 500, yana aiki kusan awa goma a rana. Ɗana da ke karatun injiniya ya ce a ƙasar Danmak ana tara zafin da masana'antu ke zubarwa a tura shi ta bututu zuwa gidajen mutane. Kusa da ni akwai masu gumin shinkafa, da otal, da wani asibitin kuɗi. Irin wannan zai yiwu a nan? Ta ina zan fara?"

Amsa: Alhaji, yaron bai faɗi ƙarya ba. A Danmak kusan kashi biyu cikin uku na gidaje ruwan zafi ne ke zuwa musu ta bututu daga tasha guda, kamar yadda ruwan Dadin Kowa ke shigowa gari. Abin ma ya tsufa, domin tun 1877 wani Ba'amurke mai suna Birdsill Holly ya fara sayar da tururi ta bututun ƙarƙashin ƙasa a garin Lockport na Amurka. Mutanen Danmak sun riƙe shi da gaske bayan tsadar mai ta 1973, suka yi masa doka a 1979. Yau a birnin Odense har zafin da ke fita daga rumbun kwamfutocin Facebook ana kamawa a kai gidaje.

Sai dai abin da ke biyan kuɗin bututun a can sanyi ne. Fiye da rabin shekara kowane gida yana buƙatar ɗumi dare da rana. Mu kuwa sanyinmu na 'yan makonni ne, Disamba zuwa Janairu, kuma ƙarfe goma na safe an tuɓe rigar sanyi. Wanda ya ce zai sayar wa mutanen Tudun Wada ko Pantami ɗumin ɗaki, a garin da zafi ke kai digiri 40 a watan Afrilu, ya kai gishiri teku. Zafin da ake saye a Gombe na aiki ne: jiƙa shanshera, busar da hatsi, wanki, sannan wanda mutane ba su cika sani ba, wato juya zafin ya zama sanyi. Saboda haka kada ka fara da bututu. Fara da sanin yawan zafin da kake da shi, da wanda zai saya, da tazarar da ke tsakaninku.

Bari mu yi lissafin injinka. Za mu riƙa cewa "yunit" kamar yadda ake faɗa a mitar wuta, wato kilowat ɗaya na tsawon awa guda. Da shi ake auna zafi ma. Lita ɗaya ta dizal tana ɗauke da kusan yunit 10. Janareta mai kVA 500, in yana ɗauke da lodin kilowat 300, yakan sha lita 80 zuwa 85 a awa, wato sama da yunit 800. A cikinsu 300 ne kaɗai suka zama wuta. Saura sun bi ta hanya uku: hayaƙin salansa, wanda ke fita da zafin digiri 450 zuwa 550, ruwan lagireto, wanda ke yawo a digiri 85 zuwa 90, da ɗan abin da jikin injin ke hurawa cikin ɗaki. Ba duka ake iya kamawa ba. Daga ruwan lagireto za a samu kamar kilowat 170, daga hayaƙi kamar 130. Ka riƙe wannan a ka: duk kilowat ɗaya na wuta, akwai kusan kilowat ɗaya na zafi da za a iya ceto. A awa goma kana da yunit 3,000 a rana.

Domin ka ga girmansa da ido: duro ɗaya mai lita 200, a ɗaga shi daga digiri 28 na ruwan burtsatse zuwa 75, yana cin kusan yunit 11. Kenan injinka zai iya dafa duro 27 a kowace awa, ba tare da an ƙara masa ko cokali ɗaya na mai ba.

Amma wannan lissafin takarda ne, kuma ya tsaya a kan cewa lodin 300 ne. Masana'antu da yawa janaretansu ya fi ƙarfin aikinsu nesa ba kusa ba. Ka sa mai kula da injin ya buɗe littafi na mako huɗu: kowace awa ya rubuta kilowat ɗin da allon injin ya nuna, zafin ruwa, zafin hayaƙi bayan tabo (turbo, fankar da hayaƙi ke juyawa don tura iska cikin injin), da lokacin da aka tayar da lokacin da aka kashe, da litar da aka zuba. Ya rubuta har ranakun da wutar JED, kamfanin rarraba wutar yankinmu, ta zauna aka bar injin a kashe. Waɗannan ranakun su ne mafi muhimmanci a littafin, za mu dawo kansu.

Yanzu masu saye. Ka fara da kanka, tunda gyaɗa sai an ɗumama ta kafin ta shiga injin matsa, kuma duk zafin da ka yi amfani da shi cikin shingenka ba ya buƙatar rami ko izinin kowa ko rigimar biyan kuɗi.

Otal ɗin, yi haƙuri, ba zai riƙe ka ba. A ce ɗaki 40 ne, kowane ɗaki lita 60 na ruwa mai digiri 60 a rana. Lita 2,400 kenan, kusan yunit 90. Injinka zai gama masa bukatar yini cikin minti 18. Faifan dafa ruwa da hasken rana mai faɗin murabba'in mita 30 a kan rufinsa ya ishe shi, kuma ya fi tona masa rami na mita ɗari biyar araha. Asibitin ya ɗan fi, saboda wankin zannuwa da kicin. In yana cin lita 5,000 a digiri 65, yunit 215 ne. Duka biyun a haɗe kusan kashi goma ne kawai cikin ɗari na zafinka. Ana jona su ne in bututun ya riga ya bi ta ƙofarsu, ba a ja shi dominsu.

Masu gumi ne kasuwar gaske, kuma a nan ya kamata a daɗe. Aikin gumi mataki uku ne, kowanne da irin zafin da yake so. Jiƙo yana son ruwa mai digiri 65 zuwa 70 na awa huɗu zuwa shida. Tan ɗaya na shanshera kan ɗauki lita 1,300, kuma in aka haɗa da ɗumama ita kanta shinkafar, kusan yunit 90 ne. Turarawa tana son tururi mai digiri 100 ko sama, wanda ruwanka mai digiri 85 ba zai iya bayarwa ba. Busarwa ita ce mai cin zafi: shinkafar kan fito daga turare da danshin kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari, dole a mai da ita 14 kafin casa. A kowane tan akwai ruwa kusan kilo 265 da za a kora, kuma na'urar busarwa ta gaske kan ci yunit 1.1 zuwa 1.3 a kowane kilo, wato yunit 300 zuwa 350. Jiƙo da busarwa a haɗe sun kai 400 zuwa 450 a tan. Zafinka na rana ɗaya zai ɗauki tan bakwai, buhu saba'in in buhun kilo ɗari ne.

To ga inda mutane ke yaudarar kansu. Suna ɗauka dizal ne abokin gasarsu. A'a. Abokan gasarka rana ce da ɓuntu. Daga Nuwamba zuwa Afrilu mai gumi tana baza shinkafarta a kan tamfol, rana ta busar mata kyauta. Ɓuntu kuma kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera, kilo 200 a tan, yana ɗauke da kusan yunit 750, kuma a wurare da yawa tsibinsa ake yi ana rasa yadda za a yi da shi. Babban injin casa da ke da tukunyar tururi mai cin ɓuntu ba ya buƙatarka ko kaɗan. Wanda ke buƙatarka shi ne ƙaramin mai gumi da ke sayen itace don dafa ruwan jiƙo a murhu mai duwatsu uku, inda kashi 85 cikin ɗari na zafin itacen ke tafiya iska, da kuma kowa da kowa idan damina ta kankama, hadari ya taso ana gudun kwashe shanya, shinkafa ta kwana da danshi ta yi wari ta yi baƙi. Abin da za ka sayar musu a lokacin shi ne aiki ba tsayawa, da shinkafa mai tsabta ba tsakuwa ba kashin awaki, wadda ba ta karyewa a inji. Ka zauna da su ka ji nawa suke kashewa a itace kan kowane buhu, da kwana nawa ruwan sama ke hana su aiki a shekara. Zuwa da kai ya fi aike.

Busar da shinkafar gumi ba a yinta da gaggawa har ƙarshe. Ruwa mai digiri 85 da ya bi ta cikin lagireton busarwa zai ba da iska mai digiri 70, wadda ta dace da zangon farko, har danshi ya sauko 18 zuwa 20. Daga nan a tsaya, a tara ta ta huta awa huɗu zuwa takwas don danshin cikin ƙwaya ya fito waje, sannan a ƙarasa da iska mai digiri 45 zuwa 50. Wanda ya zarce da zafi ɗaya har 14 zai ga ƙwayar ta tsattsage, rabinta ya fito gutsattsari. Na'urar nan za ta yi masara da gyaɗa da barkono da tumatir a sauran watanni. In iri ne na shuka, kada iskar ta wuce digiri 43. A sa raga a bakin fanka kuma a zaɓi lagireto mai faɗin haƙora, in ba haka ba ƙurar hunturu da ƙaiƙayi za su toshe shi cikin mako.

Sai batun sanyi. Akwai na'urar da ke cin ruwan zafi mai digiri 85 zuwa 95 ta ba da ruwa mai sanyin digiri 7, da taimakon wani gishiri mai suna litiyam buromayid. Kowane yunit na zafi yana ba da kusan 0.7 na sanyi. Kilowat 200 na zafinka zai ba da 140 na sanyi, daidai da esi arba'in masu doki ɗaya da rabi. Wannan ne abin da asibiti da otal za su biya da murna. Amma tana da sharuɗɗa masu nauyi. Ba ta yin ƙanƙara. Tana bukatar hasumiyar sanyaya ruwa da za ta zubar da kilowat 340, kuma wannan hasumiya kan sha lita 500 zuwa 700 a awa, a garin da ake sayen ruwa a tanka. In wuta ta ɗauke mata kwatsam tana tsakiyar aiki, gishirin kan daskare a ciki, kuma narkar da shi sai gwani. Shawararmu, a bar ta zuwa zango na biyu, bayan an shekara ana sarrafa ruwan zafi lafiya.

Mu koma ɗakin inji, inda kuskure ya fi tsada. Doka ta farko: janareta don wuta aka saye shi, kuma duk abin da za a jona masa kada ya iya kashe shi. Ba a cire lagireto. Ana sa na'urar musayar zafi mai faranti-faranti a kan hanyar ruwan injin, ruwan injin a gefe guda, ruwan bututunka a ɗaya gefen, ba sa taɓa gauraya. Sai bawul mai baki uku da ke aiki da zafi: in masu saye sun ja zafin, ruwan ya koma inji kai tsaye, in ba su ja ba, ya wuce lagireto kamar da. Wannan bawul kuma shi ke hana a sanyaya injin fiye da kima. Ruwan da ke komawa inji kada ya sauka ƙasa da digiri 70 zuwa 75, domin inji mai sanyi ba ya ƙona mai sosai, silinda na ci, baƙin mai na ɗiga ta salansa.

Na hayaƙi ya fi wuya. Ana saka tukunya mai bututu-bututu bayan tabo, kafin salansa, da gaɓa mai lanƙwasa tsakaninta da injin don girgiza kada ta fasa walda. Abu uku ke ɓata shi. Na ɗaya, matsi: duk abin da aka sa a hanyar hayaƙi yana shaƙe injin, kuma kowane kamfani ya rubuta iyakar da injinsa zai jure, sau da yawa tsakanin kilofaskal 5 zuwa 10. A duba takardar injin, a sa agogon awo a wurin, kada a yi kirdado. Na biyu, tsatsa: dizal yana da farar wuta a ciki, in hayaƙi ya huce ƙasa da digiri 150 sai ta haɗu da danshi ta zama asid ta huda ƙarfe. Shi ya sa ake barin hayaƙin ya fita a digiri 180 zuwa 200, ba a kwaɗayin tatse shi duka. Na uku, kunkunniya: tana lulluɓe bututun, zafi ya daina ratsawa, matsi ya hau. A yi wa tukunyar murfi mai kusoshi da za a buɗe a goge da buroshi. Alamar lokaci ya yi ita ce zafin hayaƙin da ke fita ya haura da digiri 30 zuwa 40 a kan yadda yake tana sabuwa.

Dole kuma a yi wa hayaƙin hanyar kaucewa mai ƙyaure, wanda in wuta ta yanke ko famfo ya tsaya zai faɗa da kansa ya tura hayaƙin sama kai tsaye. Dalili: kilowat 130 a kan ruwan da ya daina gudu zai tafasa shi cikin 'yan mintuna. A sa bawul na kariya mai sakin matsi, bakinsa ya kalli ƙasa nesa da inda mutane ke wucewa, kuma kada a taɓa sa wani bawul na rufewa tsakaninsa da tukunyar. Tsarin bi da bi shi ne: ruwa ya dawo a digiri 55, ya bi ta farantin ruwan inji ya kai 72, sannan ya shiga tukunyar hayaƙi ya fito a 85. In kuɗi bai isa ba, a fara da na ruwan inji kaɗai. Shi ya fi araha, ya fi rashin haɗari, kuma ya ba da fiye da rabin zafin.

Za a ce maka me zai hana a yi tururi da hayaƙin a kai wa masu turarawa. Zai ba da kusan kilo 200 a awa, gaskiya ne. Amma tukunyar tururi tana ƙarƙashin dokar masana'antu da binciken sufetoci, kuma bututun tururi da ke ratsa unguwa mai yara da dabbobi ba abin wasa ba ne. A bar turarawa ga ɓuntu.

Girman bututu yana fitowa ne daga lissafi ɗaya: lita dubu ta ruwa, a sauya zafinta da digiri ɗaya, yunit 1.163 ne. In ruwa ya tafi a 85 ya dawo a 55, bambancin 30 ne, kilowat 300 na bukatar lita 8,600 a awa. Bututun ƙarfe mai inci biyu ya ɗauke shi, ruwan na gudun mita ɗaya a daƙiƙa. A tazarar mita 400, wato bututu mita 800 zuwa da dawowa, famfo mai kilowat 1.1 zuwa 1.5 da ke iya tura ruwa tsayin mita 25 ya isa. A sayi biyu, ɗaya na jiran ko-ta-kwana. Amma duba abin da ke faruwa in masu saye ba su tatse zafin ba, ruwan ya dawo a 75. Bambanci ya koma 10, ruwan da ake bukata ya ninka uku, inci biyu ya kasa, sai inci uku da babban famfo. Wannan ita ce cutar da ta fi kama irin waɗannan hanyoyin ruwa ko a Turai. Maganinta jeri ne: ruwan ya fara shiga na'urar busarwa ya fito a 65, sannan ya wuce ya ɗumama ruwan jiƙo ya fito a 50 zuwa 55. Kuma a sa bawul mai daidaita gudu a wurin kowane mai saye, don na kusa kada ya kwashe ruwan ya bar na ƙarshen layi da ɗumi-ɗumi.

Irin bututu: baƙin ƙarfe na walda. Ban da mai farin shafe na ruwan famfo, domin sama da digiri 60 shafen ba ya kare shi. Ban da farar roba ta PVC, tana laushi tun a 60. Koren PPR da masu aikin famfo suka saba da shi yana jure 70, amma a 85 kullum kwanansa kaɗan ne. Sannan lulluɓi. Bututun inci biyu tsirara a digiri 85 yana zubar da kusan wat 125 a kowace mita. A layin nan namu, zuwa da dawowa, tunda na dawowa bai kai na zuwa zafi ba, kilowat 70 ne, kusan rubu'in hajarka. Wanda aka lulluɓe tun daga masana'anta da kumfar foliyuretan da rigar baƙar roba yana zubar da ƙasa da wat 20 a mita, duka biyun a haɗe, wato kilowat 7 kacal. A cikin shinge ana iya ɗora bututu a kan ƙafafu, a naɗe da audugar dutse mai kaurin santimita 5, a rufe da falle na alminiyam, a liƙe duk gaɓa, domin lulluɓin da ya sha ruwan sama ya zama tsumma. A waje kuwa binnewa ya fi, don falle a sarari ba ya kwana biyu.

Rami ya kai zurfin da ƙasa santimita 60 zuwa 80 za ta hau kan bututun, da shimfiɗar yashi santimita 10 ƙasa da sama, da jan ƙyalle na gargaɗi a sama don mai tona gobe. A guji bakin kwari. Zaizayar ƙasa a Gombe kowa ya san ta, damina ɗaya ta isa ta bar bututu a rataye. Ƙarfe kuma yana miƙewa: mita 100 in ya ɗumama da digiri 60 yana ƙaruwa da santimita 7. In ba a yi masa lanƙwasa mai siffar ƙugiya a kowace mita 50 zuwa 80 ba, zai nemi wurin da kansa, kuma a gaɓar walda yake samu. Kafin a rufe rami a cika shi da ruwa, a matsa shi ninki ɗaya da rabi na matsin aiki, a bar shi awa biyu ana kallon agogo. Tsallaka titi sai da izinin hukumar tsara birane.

Ruwan cikin bututun kewaye yake yi, ba a ɗibarsa. Wannan sai an nanata, domin ranar da wani ya ga ruwan zafi na wucewa ta bayan shagonsa zai so ya sa famfo. Duk litar da aka ɗiba sai an cika da sabuwa, sabuwa kuma tana shigowa da iska mai sa tsatsa da farar ƙasa mai yin ɓawo, irin farin nan da ke manne a gindin butar shayi. Yankinmu akwai dutsen farar ƙasa, shi ya kawo masana'antar siminti Ashaka, don haka a kai ruwan burtsatse ɗakin gwaji kafin komai. A cika layin da ruwan da aka cire wa tauri, a riƙe awon pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 9 da 10, a sa mita a kan bututun ciko: in tana juyawa kullum, akwai yoyo ko ɓarawo. Ruwa yana kumbura da kashi uku da ɗan doriya cikin ɗari tsakanin digiri 25 da 90, don haka sai da tankin kumbura. Kowane mai saye yana karɓar zafi ta nasa farantin musayar, ruwansa daban. A gefen asibiti da otal a ajiye ruwan wanka a digiri 60, domin ƙwayar cutar lijiyonela tana hayayyafa tsakanin 20 da 45, sannan a sirka shi a bakin famfo kada ya ƙona majiyyaci.

Tanki na ajiya yana cike giɓin lokaci. Lita 20,000 a bambancin digiri 30 tana riƙe yunit 700, aikin injin na sama da awa biyu, abin da zai ba masu jiƙo damar farawa da asuba kafin ka tayar. Na ƙarfe ne, dogo, tsayinsa ya ninka faɗinsa biyu don mai zafi ya zauna sama mai sanyi ƙasa, da lulluɓin santimita 10. Baƙin tankin roba ba ya wannan aiki.

Akwai ma'auni ɗaya da ake yanke hukunci da shi a Turai: yawan zafin da aka sayar a shekara, a raba da tsawon ramin. In bai kai yunit 1,500 zuwa 2,000 a kowace mita ba, layin ba ya mai da kuɗinsa. Naka, in an sayar da duka 3,000 a rana na kwana 300, yunit 900,000 ne. A mita 400 ya ba da 2,250, ya haye. In rabi aka sayar, ya faɗi, sai dai a rage tazarar zuwa mita 200. Shi ya sa zafin Ashaka, duk da murhun siminti na ƙuna a digiri 1,450 kuma iskar da ke fita daga gare shi ta haura 300, ba zai taɓa zuwa Gombe ta bututu ba. Amfaninsa na nan kusa da shi, wajen Bajoga. Kuma shi ya sa sau da yawa ya fi sauƙi a kawo mai saye wurin zafi. In kana da fili a bayan katanga, ka gina kwatamin jiƙo da rumfar busarwa a nan, bututu mita 40, masu gumi su kawo shanshera su biya kan buhu. Garin Kalundborg na Danmak ya yi suna ne a kan haka, masana'antu maƙwabta suna cin rarar juna. Sabon filin masana'antu irin na Dadin Kowa nan ne wurin da za a tsara wannan tun kafin a zuba kwalta.

Farashi a ɗora shi a kan abin da mai saye ke kashewa yau. Mai dafa ruwa da hita a kan janaretansa yana ƙona kusan lita 0.3 na dizal a kowane yunit. Mai gas ɗin girki, tukunya mai kilo 12.5 tana ba shi kusan yunit 130. Mai itace nasa ya fi ƙasa sosai. Ka sayar a kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na wannan, kashi biyu: kuɗin wata tsayayye na bututu da gyara, da kuɗin abin da mitar zafi ta nuna. Mitar zafi mitar ruwa ce da ma'aunin zafi biyu, ɗaya a shiga ɗaya a fita, kuma a bakin iyakar mai saye ake sa ta, da hatimi.

Sai ranakun nan da muka ce za mu dawo kansu. Zafinka yana nan ne kawai in injin na aiki. Ranar da wuta ta gyaru, ko ka koma sola, hajarka ta ƙare, alhali wata ta jiƙa buhu ashirin tana jiran busarwa. Kada kuma ka tayar da janareta don zafi kaɗai. Kowane yunit zai ci maka fiye da rubu'in lita. Mafita ita ce ƙaramar tukunyar ruwan zafi mai cin ɓuntu, kilowat 150 zuwa 200, a jone da tankin ajiya, masu gumi su kawo ɓuntun a rage musu kuɗi. A rubuta a yarjejeniya, da shaidu da shugabannin ƙungiyarsu: awa nawa a rana ka yi alkawari, a digiri nawa, sanarwar kwana nawa kafin sabis, wa ke da bututun da ke wajen katanga, da abin da za a yi in kaya sun lalace saboda zafi ya yanke.

Idan littafin mako huɗun ya nuna lodin ya kai kilowat 200 ko fiye na aƙalla awa takwas, kwana biyar a mako, kuma masu sayen da ke cikin mita 300 za su ɗauki rabin zafin, ka kira injiniya ya zana na ruwan lagireto da tanki da kwatamin jiƙo. In lodin yana yawo ƙasa da kilowat 120, wato kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin injin, tunda kVA 500 kusan kilowat 400 ne, ajiye maganar bututu tukuna: injin ya yi wa aikinka girma, kuma kuɗin da za ka fara ceto yana cikin sauya shi da ƙarami.